Kiwon Fumfuna

Babana kafinta ne a Sabon Gari.
Shekara arba'in yana gaba da laima.
In ya ga fari-fari a gindin katako
sai ya tofar da yawu, ya ce, "An ci ni."
Ni kuwa ga ni a Samaru,
ana biyana albashi duk wata
in yi kiwon abin da ya ci shi.

Da safe nakan auno sassaƙen malaina,
in turara shi kamar dambu,
in baza ya sha iska,
in yayyafa masa irin fumfuna
da ɗan ruwan tsarin masara don ta samu na karin kumallo.
In ɗaure buhu, in bar masa kafar numfashi,
in rubuta kwanan wata a wuyansa.

Ba a jin taunarta.
Kwana biyar, shiru kake ji.
Ran na shida ta yi shimfiɗa,
fara sol, ta bi kowane lungu,
ɗakin ya ɗauki ƙanshin ƙasa
bayan ruwan farko.

Dokta Barmani takan ce wa ɗalibai:
"Itace zare ne da danƙo.
Zaren muke nema, danƙon ya hana.
Inji yakan raba su da faɗa,
ya kakkarya wanda ya zo ceto.
Ita kuwa lallaɓawa take,
ta lashe danƙon, ta bar mana zaren
da tsawonsa."

Buhun mako biyu muka fara niƙawa.
Injin da ya saba gurnani
har tagogi su kama rawa,
ranar ƙasa-ƙasa ya yi magana.
Da muka tashi, na leƙa jarkar mai:
da saura.
Na sake leƙawa.

Muka tace ƙullun a rariya,
muka danne, muka shanya.
Takardar ta fito da taurin kai:
ka ja ta, ta ja ka,
ka ninke ta sau ɗari, ba ta buɗe baki ba.
Sai dai launi.
Ba fara ba ce, ba za ta yi ƙarya ba,
ta ɗauko ruwan Kubanni na watan Agusta.
Dokta ta ɗaga ta saitin taga, ta yi tsaki:
"Abin da muka rage a mai,
wani zai tafi wajen wanki."

Sai aka shiga yajin aiki.
Aka sa kwaɗo a ƙofa,
buhu na tara yana ciki.
Fumfuna ba ta cikin ƙungiya.
Kwana saba'in tana aiki ita kaɗai.
Da danƙo ya ƙare mata
ta juya kan zaren.
Ranar da muka dawo na ɗaga buhun da hannu ɗaya,
na damƙi sassaƙen, ya marmashe
kamar gurasar da ta kwana a ruwa.
Takardarsa ko atishawa ba ta jure ba.

Na ba Inna labari tana tsince kalwa.
Ba ta ɗago kai ba.
"Kwana uku daddawa," in ji ta,
"kwana bakwai bola.
Sai da kuka je jami'a kuka sani?"

Ran Juma'a na kai wa Baba falle ɗaya
daga buhun mako biyu.
Ya shinshina.
Ya kama gefe biyu da yatsun nan nasa
masu zare ƙusa ba filaya,
ya ja, ya ƙara ja,
ya dube ni ta saman tabarau.

Ya zaro fensir daga bayan kunne,
ya rubuta awon ƙofar wani mutumin Tudun Wada,
ƙafa shida da inci takwas,
ya ninke, ya cusa cikin hula.

"Ta yi," ya ce.
"Amma ka gaya mata
kada ta biyo ka shagona."